Daga Benci Zuwa Kofin Duniya: Abin Da Za Mu Koya Daga Gernot Rohr

Da fatan karatu yana shiga, kuma ba a bar littafi yana ƙura saboda kallon ƙwallo ba.

Abin da ya jawo maganarmu ta yau ya faru ne ranar Asabar da yamma a unguwarmu Badarawa. Na fito daga sallar La'asar na biya ta filin makarantar firamare inda samari ke buga gasar unguwanni, sai na hangi ƙanin wani abokina zaune a kan dutse can nesa da 'yan ƙungiyarsu, ya cire takalmansa ya ɗaure su da igiya ya rataya a wuya. Ɗan aji biyu ne a babbar sakandare, kuma duk layinmu an san yana da ƙafa. Na ce masa, "Kai kuma lafiya, ana wasa kana nan?"

Ya ce, "Yaya, na bar musu ƙungiyar. Wasa uku ke nan koci yana ajiye ni a benci. Ni ban zo ɗumama katako ba."

Na ce to, in ya bar su ina ya nufa? Ya sunkuyar da kai ya ce akwai wani mutum da ya yi alkawarin fitar da shi waje gwaji in an haɗa kuɗi, don haka ma yana tunanin ajiye makaranta kafin jarrabawar fita, tunda a cewarsa ƙwallo ba ta tambayar sakamakon WAEC.

Na zauna kusa da shi na ba shi labarin wani Bajamushe da ya sha zaman benci a farkon rayuwarsa ta ƙwallo, daga baya ya zama mutumin da ke yanke wa manyan 'yan wasan Najeriya hukuncin wanda zai shiga fili da wanda zai zauna. Sunansa Gernot Rohr. Na san da yawanku kun san sunan, wasunku ma sun taɓa jin yayyensu suna masa faɗa ta cikin talabijin a gidan kallo. Ga labarin kamar yadda na ba shi, da ɗan ƙari.

An haifi Rohr ranar 28 ga Yunin 1953 a birnin Mannheim na ƙasar Jamus, a gidan da ƙwallo ta zama gado. Wani ɗan'uwan kakansa mai suna Oskar Rohr yana cikin waɗanda suka ci wa Bayern Munich ƙwallo a wasan da ya ba ta kofin Jamus na farko a 1932. Shi Gernot ya fara tamaula ne a wata ƙaramar ƙungiya ta unguwarsu mai suna Neckarau, kamar dai yadda ku ma kuke farawa a filayen Badarawa da Malali da Unguwar Dosa. A 1972, yana ɗan shekara 19, Bayern Munich ta ɗauke shi.

Duk yaron da aka ce Bayern ta ɗauka zai ce kakarsa ta yanke saƙa. Amma ku duba waɗanda ya tarar a can. Sepp Maier ne a raga. Franz Beckenbauer da Paul Breitner da Georg Schwarzenbeck suna baya, inda shi ma yake bugawa. Uli Hoeness da Gerd Müller suna gaba. Waɗannan mutum shida su ne suka fito cikin sha ɗayan farko na Jamus ta Yamma ranar da ta ci Kofin Duniya a 1974. To ina sabon yaro zai samu gurbi? A shekara biyun da ya yi a can, wasannin da ya buga a gasar Bundesliga ba su kai goma ba. Ƙungiyar tana ta ɗaukar kofuna, har da kofin zakarun Turai na 1974, shi kuwa mafi yawan lokaci yana kallo daga gefe.

A nan ne na tsaya na tambayi yaron nan: "Kai wasa nawa ka ce ka zauna?" Ya ce uku. Na ce to wannan shekara biyu ya yi.

Abin lura shi ne yadda ya bar Bayern. Bai jefar da takalmi ya ce ya daina ba. Ya sauko ƙasa ne ya nemi inda zai riƙa buga wasa. Ya koma garinsu ya shiga Waldhof Mannheim, daga nan ya wuce Kickers Offenbach, ƙungiyoyin da ba su kai Bayern suna ba amma suna ba shi fili duk mako. A 1977 ya ƙetara Faransa ya shiga Bordeaux, kuma a nan ya zauna shekara goma sha biyu cur, har 1989. Ya buga mata wasa sama da 300 a gasar lig. Ya ci kofin lig na Faransa sau uku, a 1984 da 1985 da 1987, da kofin ƙalubale na ƙasar sau biyu, a 1986 da 1987. Ya koyi Faransanci, har ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar.

Ba shi ne tauraron Bordeaux ba. Masu sunan su ne irin su Alain Giresse da Jean Tigana. Aikin Rohr shi ne wanda yara ba sa so a filin unguwa: tsare baya, bin mutum ƙafa da ƙafa, hana ɗan wasan da ya fi kowa haɗari sakat. A 1985, da Bordeaux ta haɗu da Juventus a zagayen kusa da na ƙarshe na kofin zakarun Turai, an doke su 3-0 a Italiya. A wasa na biyu aka ɗora wa Rohr tsaron Michel Platini, wanda a lokacin shi ne gwarzon ɗan wasan Turai. Bordeaux ta ci 2-0. Ba ta wuce ba, ƙwallo ɗaya ta rage mata, amma har yau magoya bayanta suna tuna wannan dare. Ku da kuke faɗa a kan riga mai lamba goma, ku sani ƙungiya ba ta cin kofi sai da wanda ya yarda ya yi aikin da ba a yi wa tafi.

Da ya rataye takalmi bai yi tsalle ya zama babban koci ba. Ya koma wajen renon yara na Bordeaux yana koyar da matasa. A 1991 hukumar ƙwallon Faransa ta sauke ƙungiyar zuwa rukuni na biyu saboda bashin da ya yi mata katutu, sai aka miƙa masa ita a wannan hali, ya dawo da ita rukuni na ɗaya a kaka guda. Aka kawo wani koci, shi ya sake komawa wajen yaransa. A farkon 1996 da abubuwa suka sake cakuɗewa, aka sake kiransa. A watan Maris na shekarar, AC Milan ta doke su 2-0 a gidanta a wasan kwata fainal na kofin UEFA, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Da Milan ta zo Bordeaux, aka zura mata uku ba ko ɗaya. A cikin yaran Rohr na wannan dare akwai Zinedine Zidane da Christophe Dugarry da Bixente Lizarazu, waɗanda bayan shekara biyu suka ɗauki Kofin Duniya da Faransa.

Kun san da wa ya haɗu a wasan ƙarshe? Bayern Munich, ƙungiyar da ta ajiye shi a benci. Kuma kocinta a wannan rana shi ne Beckenbauer, kyaftin ɗinsa na da. Bayern ce ta yi nasara gida da waje. Amma yaron da a 1973 ba ya samun shiga fili, ga shi a 1996 yana tsaye a bakin layi yana gwada dabara da tsohon maigidansa.

Daga nan ya yi ta yawon aiki: Nice da Ajaccio da Nantes a Faransa, Young Boys a Suwizalan, Étoile du Sahel a Tunisiya. Wani wuri ya daɗe, wani wuri aka sallame shi cikin 'yan watanni. Haka aikin koci yake, yau kai ne gwani, gobe a ce ba ka san komai ba. A 2010 ya karɓi ƙungiyar ƙasar Gabon, ya kai ta kwata fainal a gasar cin kofin Afirka ta 2012 da ta karɓi baƙunci tare da Equatorial Guinea, inda Mali ta fitar da ita a bugun fenareti. A wasansu na farko a gasar, maƙwabtanmu 'yan Nijar suka doke da ci 2-0. Abin dariya, kafin shekarar ta ƙare shi ne kocin Mena ta Nijar. Ya je da su gasar 2013 a Afirka ta Kudu, wadda Najeriya ta ɗauka a hannun marigayi Stephen Keshi. Nijar ba ta fita daga rukuni ba, amma canjaras ɗin da ta yi da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ba ci, shi ne makinta na farko a tarihin gasar. Ya bar Yamai a 2014, ya ɗan taɓa aiki da Burkina Faso a 2015.

Yanzu bari mu dawo gida Kaduna, domin zuwan Rohr Najeriya yana da alaƙa da wata Juma'a a garin nan. Ku tambayi yayyenku ko iyayenku labarin 25 ga Maris 2016, ranar da Super Eagles suka karɓi Masar a filin wasa na Ahmadu Bello. Filin ya cika ya batse, har mutane suka hau ƙarafunan fitilu don su samu gani. Oghenekaro Etebo ya ci mana, muna ta murna, ana dab da tashi Mohamed Salah ya farke. Bayan kwana huɗu aka doke mu 1-0 a Iskandariyya. Ta haka muka rasa gasar Afirka ta 2017, bayan mun riga mun rasa ta 2015. Ƙungiya ta rikice, masu horarwa suna shigowa suna fita. A watan Agustan 2016 hukumar NFF ta ɗauko Rohr. Ba shi ne Bajamushe na farko da ya riƙe ƙungiyarmu ba, don Manfred Höner ya kai mu wasan ƙarshe na gasar Afirka a Maroko a 1988, Berti Vogts kuma ya riƙe mu daga 2007 zuwa 2008. Amma Rohr ya fi su duka daɗewa.

Rukunin neman gurbin Kofin Duniya da ya tarar ba na wasa ba ne: Zambiya da Aljeriya da Kamaru. Ya doke Zambiya 2-1 a Ndola, ya doke Aljeriya 3-1 a Uyo, sannan a Satumban 2017 ya lallasa Kamaru 4-0, alhali ita ke riƙe da kofin Afirka. Ranar 7 ga Oktoban 2017 muna buƙatar nasara a kan Zambiya a Uyo, wasa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Sai Rohr ya waiga benci ya tayar da Alex Iwobi. Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya miƙo ƙwallo daga dama, Iwobi ya zura. Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta samu tikitin Rasha. Wanda ya ci ƙwallon daga benci ya taso.

A Rasha ma haka aka yi. Wasan farko da Kuroshiya, wanda aka doke mu 2-0, Ahmed Musa a benci ya fara. Da a ce ya yi fushi ya kumbura, ya ce shi da ya ci Ajantina ƙwallo biyu a 2014 ya wuce a ajiye shi, da labarin ya canza. Ranar 22 ga Yunin 2018 aka saka shi a wasa da Iceland a birnin Volgograd. Victor Moses, wanda ya yi ƙuruciyarsa a nan Kaduna, ya kwaso ƙwallo ta dama ya aiko, Musa ya tare ta da ƙafa ɗaya ya narka a raga. Daga baya ya ƙara ta biyu bayan ya yanke mai tsaron raga. Har yau babu ɗan Najeriya da ya kai shi yawan ƙwallaye a Kofin Duniya, guda huɗu. A wasa na uku Ajantina ta fitar da mu da ci 2-1, ƙwallon Marcos Rojo saura minti huɗu a tashi.

A gasar Afirka ta 2019 a Masar, Rohr ya kai mu zagayen kusa da na ƙarshe, Riyad Mahrez na Aljeriya ya kashe mana baki da bugun tazara a daƙiƙar ƙarshe. Muka doke Tunisiya 1-0 muka zo na uku, Odion Ighalo kuma ya fi kowa cin ƙwallo da guda biyar.

Kada ku ɗauka yabonsa kawai na zo yi. Rohr yana da nasa laifin, kuma masu sukarsa suna da hujja. Bai cika waiwayar 'yan wasan gasar cikin gida ba. A cikin mutum 23 da ya tafi da su Rasha, mai tsaron raga Ikechukwu Ezenwa kaɗai ke buga wasa a Najeriya. Wannan ya ɓata wa magoya bayan ƙungiyoyi irin su Kano Pillars da Katsina United rai, don suna ganin ana nuna wa yaro cewa sai ya fita waje za a san da shi. An kuma zarge shi da jinkirin canji da tsoron kai hari. A Nuwamban 2020 muna gaban Saliyo da ci 4-0 a birnin Benin, aka tashi 4-4. A Oktoban 2021 Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta zo har Legas ta doke mu 1-0. Ranar 12 ga Disamban 2021 aka sallame shi, bayan shekara biyar da wata huɗu, saura ƙasa da wata guda a fara gasar Afirka a Kamaru.

A lokacin yana da shekara 68, shekarun da wani zai koma gida ya riƙa jan jikoki da hira. A Fabrairun 2023 ya karɓi ƙungiyar Jamhuriyar Benin. A Yunin 2024, a Abidjan, yaransa suka doke Super Eagles 2-1 a wasan neman gurbin Kofin Duniya. Namu sun rama a Uyo a Oktoban 2025 da ci 4-0, Victor Osimhen ya ci uku. Duniya ke nan, rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

To, me nake so ku riƙe daga wannan dogon labari? Abu uku, kuma su na faɗa wa ƙanin abokina.

Na farko, benci aji ne in ka shiga da ido. Wanda ke zaune a gefe yana ganin abin da na cikin fili ba ya gani: wane ɗan baya ne ke jinkirin juyawa, wane ɓangare ne ake yawan shigowa ta nan. In koci ya ajiye ka, ka same shi bayan wasa cikin ladabi ka ce, "Koci, me zan gyara?" In kuma ka tabbata gurbinka a cike yake da waɗanda suka fi ka, ka nemi ƙaramar ƙungiya inda za ka riƙa bugawa, ka yi sallama da mutunci. Haka abin yake a aji ma. Wanda bai zo cikin goman farko a wannan zangon ba, ba a rufe masa ƙofa ba.

Na biyu, ƙafa tana da wa'adi. Rohr ya daina buga wasa yana shekara 36, kuma yana cikin masu sa'a, don wasu rauni ɗaya a gwiwa ke raba su da fili tun suna ashirin da 'yan kai. Abin da ya ciyar da shi sama da shekara talatin bayan nan yana cikin kansa ne. Jamusanci ya tashi da shi, Faransanci ya buɗe masa ƙofar Tunisiya da Gabon da Nijar da Burkina Faso da Benin, Turanci ya ba shi damar aiki a Najeriya. Ku da kuke gudun darasin Faransanci, ku tuna Maraɗi da Yamai ba su da nisa da mu. Shi kansa aikin koci sai da takardar shaida, ana zama a aji ana rubuta jarrabawa kafin hukumar CAF ko ta Turai ta ba mutum lasisi.

Na uku, ƙwallo tana tambayar takarda, duk da abin da yaron nan ya faɗa. A wasanmu na ƙarshe na neman gurbin Rasha mun yi 1-1 da Aljeriya a can gidanta, amma FIFA ta soke sakamakon ta ba Aljeriya 3-0, saboda an saka ɗan wasan da ya tara katin gargaɗi biyu wanda bai kamata ya buga ba. Allah ya taimake mu mun riga mun wuce. Shi ma Rohr da aka sallame shi, rubutacciyar yarjejeniyarsa ya ɗauka ya kai FIFA, aka yanke a biya shi haƙƙinsa. Wanda bai iya karanta yarjejeniya ba, duk abin da aka miƙo masa zai sa wa hannu. Don haka duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya fitar da ku waje gwaji, ku kai maganar gaban iyaye da malaman wasanni na makarantarku kafin a sayar da ko akuya. Ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske takan aiko da takardar gayyata da sunanta a kai, kuma ana iya bincikawa. Garin nan ya fitar da Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro. A filayen gida aka fara ganinsu kafin Turai ta neme su.

Ku 'yan mata masu karanta wannan fili, maganar ta shafe ku. Wadda ba a zaɓa cikin masu wakiltar makaranta a gasar kacici-kacici ko muhawara ba a bana, ita ma a benci take. Ta ci gaba da zuwa atisaye.

Kuna so ku ji yadda muka ƙare da yaron? Bai ce mini komai ba a ranar, ya dai kwance igiyar takalmansa ya koma kusa da 'yan ƙungiyarsu. Ranar Litinin na gan shi da jakar makaranta. A wasan da suka buga ranar Laraba ma koci bai fara da shi ba, sai saura kamar minti goma sha biyar ya saka shi, kuma bai ci ƙwallo ba. Amma na lura da wani ɗan littafi a aljihunsa. Ashe ya roƙi koci ya bar masa aikin rubuta sunayen waɗanda aka ba kati a kowane wasa, don kada abin da ya samu Super Eagles ya same su. Maganar mai fitar da shi waje kuwa, yayansa ya nemi mutumin ya kawo takardar gayyata, har yau shiru.

Ga aikin gida na wannan mako. Ku ɗauko taswirar Afirka ku nemo ƙasashe biyar da Rohr ya riƙe ƙungiyoyinsu na ƙasa, ku rubuta babban birnin kowacce da harshen da gwamnatinta ta gada daga Turawan mulkin mallaka. Sannan ku rubuto mini, a layin da bai wuce goma ba, labarin ranar da aka ajiye ku a gefe, a fili ko a aji, da abin da kuka yi bayan nan. Zan zaɓi uku mu karanta tare a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A riƙa haɗa sunan makaranta da aji.

Na bar ku lafiya. A gaida malamai.